Kayan Tsallaka Dam

Sati biyu cur Ramlat ta yi a kwance, kuma duk a kan tsallaka ruwa sau ɗaya tak. Ita ce ma'aikaciyar lafiyar da ke kai allurar rigakafin yara Unguwar Tsallake, wani ƙauyen masunta da ke ɗaya gefen dam ɗin garinsu, can wajen Shanono. Da can a babur ake zagayawa. To, damina ta cinye gadar da ake bi, ya zama ba hanya sai kwale-kwale.

Ranar da ta fara shiga, a tsakiyar sanyi, ta yi abin da duk mutumin garin zai yi. Ta jibga rigunan atamfa uku, ta ɗora suwaitar auduga mai kauri, ta rufe da hijabi har ƙasa, ta fito da ƙyar take ɗaga hannu. Suna kaiwa tsakiyar ruwa iska ta taso, igiyar ruwa ta riƙa bugun kwale-kwalen tana watso mata. Kafin su kai gaɓa kayan sun sha sun ƙoshi. Haka ta wuni a cikinsu, tana yi wa yara allura haƙoranta na haɗuwa. Kwana biyu da dawowarta haƙarƙarinta ya riƙe, numfashi ya koma sai da dabara.

Mijinta Zubair ba mugu ba ne, tsoro ne ya shige shi. Shi ya yi ta jigila da ita asibiti, ya bar albasarsa a fadama ba ban ruwa. Da ta miƙe ta fara zancen komawa, saboda akwai yaran da lokacin allurar ƙyandarsu ya yi, sai ya haɗe rai.

"Na yarda ki je ranar Alhamis," ya ce. "Amma wallahi in kika dawo min a jiƙe, kin yi sallama da aikin nan. Ba zan zuba ido ruwa ya mai da 'ya'yana marayu ba."

Ramlat ta san gaskiya ya faɗa. Amma shekara shida tana wannan aiki, kuma tana son sa har cikin ranta. Ta kwana tana lissafin riguna nawa za ta ƙara a kan na wancan karon. Ita dai a saninta maganin sanyi yawan kaya ne, ba wanda ya taɓa gaya mata wani abu daban.

Da safe tana shara sai ga surukarta, Inna Hure, tsaye a bakin zana da mayafi a kafaɗa. Tsohuwar nan ba ta da yawan magana da ita. Gaisuwa ce kawai ke haɗa su, kuma Ramlat ta daɗe da yanke wa kanta cewa Inna ba ta ƙaunar aikin nan nata na yawo ƙauye-ƙauye.

"Ke, ajiye tsintsiyar nan ki ɗauko hijabinki," in ji Inna Hure. "Yau kasuwar Tsanyawa, can za mu."

"Lafiya, Inna?"

"Da ba lafiya ba asibiti zan ce miki."

A ƙaramar bas suka tafi, a matse tsakanin buhunan barkono da wani mutum mai kaji. Da suka sauka tsohuwar ta shige gaba. Ta ratsa layin 'yan hatsi, ta wuce 'yan koli, ba ta tsaya ba sai a rumfar Iliyasu mai gwanjo, wanda ya baje dilolin kayan sanyi har bakin hanya. Iliyasu irin 'yan kasuwar nan ne da bakinsu ba ya hutawa. Yana jin an ce kayan shiga ruwa da sanyi ake nema, ya zaro wata ƙatuwar kwat mai gashi a wuya ya karkaɗe ta.

"Hajiya, kin zo gidan kaya! Wannan daga ƙasar da ƙanƙara ke zuba ta fito. Wanda ya sa ta ko a cikin firji ya kwana sai ya yi gumi."

Ramlat ta shafa kwat ɗin, ta ji laushi da ɗumi, nan take ta kwanta mata a rai. Inna Hure kuwa ko kallon kirki ba ta yi mata ba. Ta karɓa, ta waiga ta ga bokitin ruwan da Iliyasu ke alwala da shi, ta tsoma hannun kwat ɗin ciki har gwiwa.

"Haba Hajiya! Kayan sayarwa ne fa!"

"Zai bushe, ɗan nan, ba gishiri ba ne." Ta ciro shi yana tsiyaya, ta miƙa wa Ramlat. "Ɗaga ki ji."

Ramlat ta ɗaga, hannunta ya yi ƙasa don nauyi. Hannun riga ɗaya ke nan, rabinsa ma.

"To ki ce duk jikinta ne ya sha haka, kina tsakiyar dam," in ji tsohuwar. "Shekara ashirin na yi ina sarin kifi a bakin ruwan nan kafin gwiwa ta hana ni. Na ga waɗanda aka tsamo da idona. Ban taɓa ganin an tsamo mai ƙananan kaya da sanyi ba, duk masu manyan riguna ne, sun yi shirin sanyi sun manta da ruwa."

Iliyasu ya karɓi kwat ɗin ya rataye. Daga nan ya daina talla ya koma taya su tono. Inna Hure ta zauna a kan benci ta shiga ba da umarni. Ta ce a fara da abin da zai taɓa fata, kuma ba ta son jin sunan auduga, don auduga in ta jiƙe sai ta manne wa mutum ta riƙa zuƙe masa ɗumi. Aka samo riga mai dogon hannu ta yadin nan na 'yan ƙwallo, da wandonta. A kai aka zaɓi suwaita mara nauyi mai laushin bargon jarirai. Ita ma sai da Inna ta jiƙa bakinta ta matse, ta ga ruwan ya fice tas, sannan ta gyaɗa kai.

Rigar ruwa ta sama ita ta cinye musu lokaci. Duk wadda Iliyasu ya miƙo, sai tsohuwar ta kafa baki a jikin yadin ta hura. In iska ta wuce, ta jefar gefe. In ba ta wuce ba, sai ta juya cikin rigar ta bi ɗinkin da farce, tana neman wanda aka liƙe bayansa da roba. Sannan ta ƙulle bakin hannun rigar, ta ɗura ruwa da buta, ta ɗaga sama tana jira. Guda huɗu suka yi yoyo ta wajen ɗinki. Mutane har sun fara taruwa suna dariya, Ramlat kuwa kunya kamar ta nutse. Ta biyar ce ta riƙe ruwan ko ɗigo babu. Ruwan lemo ce mai ɗaukar ido, da hula a haɗe, da roba mai kama wuyan hannu, ga wandonta.

"Inna, wannan launin ai daga Shanono za a hango ni," in ji Ramlat a hankali.

"Abin da nake so ke nan. In kin faɗa ruwa, ba kwalliya za a nema ba."

Iliyasu ya kawo takalmin ruwa irin na masu aikin fadama, ta ture shi da ƙafa. Ta ce na taɓo ne wannan, a kwale-kwale in ya cika tulu biyu mutum ya ɗaura wa ƙafarsa. Ta ɗauki safar ulu da wani sakayau ɗin takalmin roba da ake iya fizgewa da yatsa ɗaya. Ta kuma sa Ramlat ta gwada komai a kan kayanta, ta ɗaga hannu, ta sunkuya, don a tabbata rigar ceton da ofis ya ba ta za ta hau a kai ta ɗauru.

Sai a hanyar dawowa Ramlat ta faɗi abin da ke cin ta. Ta yaya matar aure za ta ratsa gari da wandon roba? Ina za ta kai hijabinta?

Sai da suka isa gida Inna Hure ta ba ta amsa. Ta shiga ɗakinta ta fito da wani hijabi na yadin roba da almakashi, ta datse shi daidai ƙirji, ta zauna ta kalmashe bakin da zare da allura.

"Dogon ki sa shi a kan komai har bakin ruwa," ta ce. "Kina shiga kwale-kwale ki tuɓe ki ƙulle a leda, wannan gajeren ya zauna a cikin hular rigar. Kin sauka ki mayar. Allah ya san halin ruwa, shi ya halicce shi."

Ranar Alhamis sanyin ya fi na wancan karon. Malam Abdulmumini, dattijon da ke tuƙa kwale-kwalen, ya dube ta sama da ƙasa da ta tuɓe dogon hijabin, ya ce wanda ya zaɓa mata kayan nan ya san ruwa. Ta ɗaure akwatin allurar a tsakanin ƙafafunta, suka tura. A tsakiya iska ta juyo musu gadan-gadan, har ya miƙo mata filafili na biyu ya ce ta taya shi tuƙi. Duk ɗagawar da za ta yi sai ruwa ya gangaro ta jikin itacen ya nufi hannun rigarta, robar wuyan hannun ta tare shi. Sau biyu igiyar ruwa ta zubo mata a cinya, ta kalli ruwan yana silalewa ƙasa. Tsoro kam ta ji shi, ba ta fasa salati ba har suka taɓa gaɓa, amma jikinta da ɗumi.

A Unguwar Tsallake mata suka fito da 'ya'yansu gindin tsamiya. Ta yi allurar hannunta bai yi rawa ba, har da zama ta sha kunun da aka kawo mata. Bayan la'asar suka juyo.

Ramlat ta shigo gida. Ƙafafunta sun yi sanyi, bayanta kuma ta kasa gane gumi ne ko ruwa. Zubair na zaune a tsakar gida ya kwance injin ban ruwa yana ta taɓe-taɓe, injin da kowa ya san lafiyarsa ƙalau. Kafin ya buɗe baki Inna Hure ta ja ta ɗaki, ta sa ta tuɓe rigar ruwan, ta cire suwaitar. Ta shafa wuya, ta shafa hammata, ta murɗa bakin hannu. Sannan ta fita da ita ta yar a kan cinyar ɗanta. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Sai ta juya ta fuskanci akuyar da ke ɗaure a turke.

"A gaya wa mai gidan nan ya taɓa ya ji."

Zubair ya goge hannunsa a wando, ya ɗauki suwaitar ya jujjuya. Ya matse ta da ƙarfinsa na manomi, ko laima bai ji ba. Ya ɗan jima yana kallonta, sannan ya ninke ta da kyau ya ajiye a kan tabarma.

"Yaushe ne zuwa na gaba?" ya tambaya.

"Bayan sati huɗu," in ji Ramlat daga bakin ƙofa.

"Allah ya kai mu."

Ta bi Inna Hure ɗakinta ta durƙusa har ƙasa. Godiya ta cika mata ciki, ga kunyar zaton da ta daɗe tana yi wa matar nan, ta rasa ta inda za ta fara. Tana sunkuye idonta ya sauka a kan ƙafafun tsohuwar. Baƙin taɓo ne ya bushe a kansu har idon sawu, irin wanda babu shi ko'ina a garin sai a bakin dam. Da wannan gwiwar tata mai ciwo ta taka har can, ta tsaya cikin iskar nan tana duban ruwa, kuma ta riga Ramlat dawowa gida don kada a sani.

"Inna," Ramlat ta ce, hawaye ya ɓalle mata. "Inna, Allah ya saka miki da Aljanna."

"Amin. Tashi ki shanya kayan nan a inuwa, rana tana fasa roba," in ji Inna Hure, tana jan zanenta ta rufe ƙafafun.