Buhunan da ke saman ɗakin Inna

Ni na jawo abin nan da hannuna, ba zan ɗora wa kowa ba. Shekara guda da rasuwar Baba na ce gidanmu na Yamai ya tsufa, sai an gyara. Ina aiki a wata ma'aikata a unguwar Plateau, kullum ina kallon farin plafon, wato silin, na buro, ofis ɗinmu ke nan, ido ya buɗe, sai na ga rufin gidanmu kamar na rumfar kasuwa. Na kawo ma'aikata suka ɓamɓare tsohon katako. Duk ɗakunan fayau suke tsakanin plafon da kwano, sai na Inna. Suna cire allon farko sai ga tsofaffin buhuna a jere, cike da buntun shinkafa, ɓawon nan da ake zubarwa bayan an casa. Na ce, "Wannan wace irin shara ce? Ai gidan ɓera ne!" Amalanke uku aka kwashe. Inna tana Damagaram a lokacin, wajen yayata Halimatou, ban tambayi kowa ba.

Bazara na shigowa asirina ya tonu. Ɗakin da muke rububin shiga muna yara, mu baje a kan sumunti da azahar har Inna ta kore mu da muciya, shi ne ya koma tanda. Ƙarfe biyu na rana in ka ɗaga hannu sai ka ji zafin kwano yana sauko maka. Na sa mata kilima, na'urar sanyaya ɗaki. Kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa ta zama ado, in ma akwai kuran Inna ta ce sanyinta ƙashi yake shiga mata. Ga ta da hawan jini. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa da buta a hannu, likita ya ce zafi ne, kada a sake barin ta a cikinsa.

Halimatou ta kira ni a waya. "Ran Juma'a zan zo in ɗauke ta. Kai ka zauna da farin plafon ɗinka." Ita ba ta magana biyu. Inna kuwa shekara arba'in da huɗu a gidan nan, nan ta yi goyonmu, nan aka fita da gawar Baba. Sai kawai ta fara ƙulle zannuwanta. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ruga kantin kayan gini. Mai kanti ya baje mini hajarsa: audugar gilas a naɗe, farin soso irin na cikin kwalin firiji, da wata takarda mai ƙyalli. Kowanne na taɓa sai ya ce ai shi ne sarkinsu. Na yanko kaɗan-kaɗan na kai wa Baba Idrisa, tsohon kafinta abokin Baba, wanda ya yi rufin gidanmu tun farko.

Ya juya su a hannu. "Audugar nan tana aiki, sai dai a sa safar hannu, tana sa susa. Sosan nan kuma ba ya shiri da wuta. Amma tsaya, ina buhunan Malam, mahaifinka?"

Na faɗa masa. Ya dube ni ya ce, "Sama'ila, boko ya yi maka yawa."

"Baba, ai na ɗauka shara ce."

"Shara! Bazarar da uwarka ke ɗauke da cikinka, wata takwas, ba ta iya kwanciya don zafi. Malam in ya tashi daga aiki sai ya hau keke har Saga wajen masu casar shinkafa, ya ɗaure buhu biyu, ya turo da ƙafa. Ya gauraya da toka da busasshen ganyen dogon yaro don gara da ɓera. Mako uku yana wannan zirga-zirga, ni ina sama ina karɓa. Kuma duk shekara kafin zafi sai ya hau ya juya su."

Sai na tuna. Yakan jingina tsani ya ce zai duba yoyo, a watan da ko gajimare babu. Ya sauko gemu fari fat, mu yi ta dariya muna cewa Baba ya faɗa cikin gari, shi ma yana taya mu. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Washegari na tafi Saga. Matan da ke wajen injin casa suka ga mutum da rigar buro yana neman buntu, suka yi ta dariya, wata ta tambaye ni da Zabarmanci ko agwagi nake kiwo. Ban kula ba. Baba Idrisa ya zauna a kujera a tsakar gida yana ba da umarni da sanda. Ya sa aka ƙara katako don nauyi, aka zura wayoyin wuta cikin tiyo, aka buɗe ƙananan kafofi biyu a bango aka rufe da raga don iska ta ratsa. Ya ce kada buhu ya taɓa kwano, a bar taƙi guda. Ni na hau da kaina. Toka a ido, gwiwa ta goge, zufa kamar an watsa mini ruwa. Kowane buhu na shimfiɗa sai in ga Baba yana turo keke. Inna tana rumfa tana kallon aikin.

Halimatou ta iso ran Juma'a, ta ce Lahadi da safe za su kama hanya. Ran Asabar da azahar kuran ya ɗauke, rana kuwa kamar ta sauko ƙasa. Inna ta tashi daga rumfa ta shiga ɗakinta, muka bi ta. Ba zan yi ƙarya in ce ya koma kamar da ba, amma mutum zai yi numfashi. Ta ɗaga hannu sama, ta sauke. Ta ja iska da hanci.

"Dogon yaro da toka," ta ce.

Ta zauna a bakin gado, ta nuna ƙullin kayanta. "A kwance wannan."

"Inna, likita fa ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Ba inda za ni."

Sannan ta dube ni, karon farko tun da ta faɗi. "Ka san babanku a nasa ɗakin bai taɓa sa ko buhu ɗaya ba? Duk shekara in na yi magana sai ya ce baɗi."

Ta juya ta kwanta tana fuskantar bango. Halimatou ta share ido da gefen mayafi ta fara kwance ƙullin. Na zame na zauna a kan sumunti, can ita ma ta sauko kusa da ni. Inna ba ta kore mu ba.