Ofishin da Babu Hatimi

Shekara goma sha tara Uwar Fayil ta yi tana tura mutane ƙasashen waje, ita kuwa ko matakalar jirgi ba ta taɓa takawa ba. Mataimakiyar magatakarda ce a ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'a, ɗaki na uku a hawa na biyu, wanda tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, tun tana ɓata rai har ta koma amsawa. Duk mai fita karatu da mai shigowa sai takardunsa sun bi ta teburinta, kuma kowa ya san ba ta ɗaga ƙafa. Idan takarda ɗaya ta yi ɓatan dabo a fayil ɗinka, ko kai ɗan shugaban jami'a ne sai ka koma ka nemo ta.

A wannan shekarar abu biyu suka faɗo ofishin a mako guda. Na farko gayyata ce daga wata gidauniya da ke shirya taron ƙara wa juna sani na mako biyu a ƙasar waje, domin ma'aikatan jami'o'i masu irin aikinta. Darakta ne ya saba zuwa, to an yi masa aiki a gwiwa, likita ya hana shi doguwar tafiya. Na biyu wasiƙa ce daga wata jami'a a ƙasar da za a yi taron, wadda suke da yarjejeniyar musayar ɗalibai da ita. Wa'adin yarjejeniyar zai cika ƙarshen zango, kuma sun ce ba su ga dalilin sabunta ta ba. Duk shekara suna karɓar ɗalibai huɗu daga nan, su kuwa shekara tara ke nan ko mutum ɗaya nasu bai zo ba.

Ga shi an riga an zaɓi huɗun da za su tafi a wannan karon. Ita da kanta ta tantance su, har sun yi fasfo.

"Ki je ki shawo kansu," in ji Darakta, ƙafarsa a miƙe kan kujera. "Ai kin san matar nan tasu, takwararki."

"Ta imel na san ta, ranka ya daɗe."

"Ya isa. Ki nuna musu mu ma jami'a ce, ba rumfar kasuwa ba."

Wannan ɗin ba sai an gaya mata ba. Ta daɗe da yanke hukunci a ranta cewa raini ne kawai ya hana yaransu zuwa, kuma ta sha faɗin haka a taron ofis, kowa yana gyaɗa kai.

Ranar da za ta tashi, maigidanta, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya ya rasa wanda zai yi wa gyara sai ita, ya ɗaga akwatin ya dire.

"Bulo kika zuba a ciki?"

"Ƙasidun jami'a ne. Guda ɗari biyu."

"Kayan sawa fa?"

"Kala huɗu."

"Wato in sanyi ya kama ki, sai ki lulluɓa da hoton ɗakin karatu."

Ta ja akwatin zuwa bakin ƙofa. Tsoron jirgi ne fal cikinta, kuma ba ta so ya gane.

Su goma sha shida ne a taron, daga ƙasashe daban-daban, kowa da katin suna rataye a wuya. Da safe lacca da majigi, da rana a zuba su a bas a kai su wata jami'a, a zagaya da su, a ɗauki hoto a bakin ƙofa. Abin da ya fi burge ta ba laccar ba ce, hirar lokacin shayi ce. Ashe duk duniya kukan ɗaya ne. Ko'ina akwai farfesan da zai je yawon taro ya sa hannu a yarjejeniya, ya dawo bai gaya wa ofis ba, sai baƙi sun sauka a filin jirgi. Ta yi dariya har da hawaye, ta raba ƙasida arba'in.

Rana ta takwas aka kai su jami'ar da ta aiko da wasiƙar. A bakin ƙofa wata doguwar mata mai furfura ta duba katin wuyanta, ta buɗe hannuwa. Takwararta ce, wadda suka shekara goma sha ɗaya suna musayar imel, kowane yana farawa da fatan alheri yana ƙarewa da godiya. Uwar Fayil ta ji daɗin ganinta fiye da yadda ta zata. Suka tsayar da magana a kan za su zauna ƙarfe biyu, bayan an gama zagaye, na minti ashirin.

Aka shiga da su ofishin magatakarda. Sauran baƙi suna kallon ginin, ita tebura take kallo, don mai sana'a kayan aiki yake fara dubawa. Ta ga kwamfuta, ta ga kofin shayi, ta ga tukunyar fure. Ta duba tebur na biyu, ta duba na uku. Da jami'in da ke musu bayani ya ce ko akwai mai tambaya, sai ta ɗaga hannu.

"A ina kuke ajiye hatimi?"

"Wane hatimi?"

"Wanda kuke buga wa takardar sakamako."

Ya yi murmushi. Ya ce ai sun bar wannan shekara goma da suka wuce. Yanzu sakamako ta kwamfuta yake fita, da wata lamba a ƙasansa, duk mai shakka ya shigar da lambar a shafinsu zai ga ko na gaske ne.

"In ɗalibi ya ce lallai shi sai da hatimin tawada fa?"

"Sai dai ya yi haƙuri. Ko ɗaya babu a ginin nan."

Aka yi dariya aka wuce gaba. Ita ta tsaya a inda take, jakar ƙasidu a kafaɗa.

Sharaɗi na bakwai a fom ɗin masu shigowa, ita ta rubuta shi da hannunta. Wani ne ya taɓa kawo sakamakon jabu ya kusa kunyata ofishin, washegari ta zauna ta ƙara layi guda: takardar sakamako ta asali, mai ɗauke da hatimin tawada da sa hannun magatakarda. An yaba mata a lokacin. Tun daga nan, duk shekara takardun mutum biyu ko uku sukan iso daga wannan jami'a, da sakamako fari fat babu hatimi. Takan mayar da amsa cikin ladabi cewa fayil bai cika ba, a duba sharaɗi na bakwai. Su sake aiko da irinta, ta sake aika amsar. Daga nan sai ta ji shiru, ta ce a ranta dama ba da gaske suke ba. A rahoton ƙarshen shekara kuwa fayil cikakke kaɗai take lissafawa, don haka a gaban masu nema daga wannan jami'a kullum abin da take rubutawa shi ne babu.

Ba ta iya cin abincin rana ba. Ƙarfe biyu ta shiga ofishin takwararta, ta ajiye jakar a ƙasa ba ta buɗe ba. Jawabin da ta kwana uku tana haddacewa ya bi iska.

"'Yar'uwa, yaranku nawa suka nemi zuwa wurinmu a shekara taran nan?"

Takwarar ta juya kwamfuta ta danna. "Ashirin da uku."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba ku da hatimi ba?"

"Na taɓa tambayarki, a shekara ta biyu. Na ce ko za a iya sassauta sharaɗin, kika ce dokar jami'a ce." Ta ture kwamfutar gefe. "Gaskiya mun ɗauka hanyarku ce ta cewa a'a ba tare da kun ɓata mana rai ba. Wasu jami'o'in haka suke yi. Ni kuma ban so in matsa miki."

Uwar Fayil ta tuna da wannan imel ɗin. Ta tuna har daɗi ta ji da ta rubuta amsar, don gajeriya ce kuma babu ƙofa a cikinta.

"Ba dokar jami'a ba ce," ta ce. "Ni na rubuta. Ban san kun daina hatimi ba, ban kuma tambaya ba."

Takwarar ta cire tabarau ta murza ido. Ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce kwamitinsu ya riga ya zauna tun watan jiya. Abu ɗaya za ta iya: idan aka ba ta bayani a rubuce, da sa hannu, da kwafi zuwa ga shugaban jami'ar su Uwar Fayil, za ta mayar da maganar gaban kwamiti. Ba ta yi alkawarin komai ba.

Uwar Fayil ta fita baranda ta kira gida. Ta zayyana wa maigidanta komai, ta ƙare da cewa ai tana iya rubuta cewa tsarin jami'a ne ya jawo, babu wanda zai bincika.

"Haka ne, babu," ya ce. "Amma ke da ba ki taɓa ɗaga wa ɗan kowa ƙafa ba, kada ki fara da kanki."

"Kai dai ba ka iya lallashi ba."

"Kin ci abinci?"

"A'a."

"To ki rubuta, sannan ki ci."

Ta koma ciki ta ari kujera da kwamfuta. Shafi ɗaya ta rubuta, da sunanta da muƙaminta, da ranar da ta ƙara sharaɗin, da adadin waɗanda ya tare. Ta aika kafin bas ya tashi. Sauran kwanakin taron ta zauna a layin gaba tana rubutu kamar kowa, aka ba ta takardar shaida a ranar ƙarshe, ƙasidu ɗari da sittin kuma ta bar su a ɗakin otal.

Da ta dawo, Darakta bai ko tambaye ta hanya ba.

"Wa ya ce ki sa shugaba a ciki? Da kin bari na dawo da ƙafata, da na san yadda zan juya maganar."

"Juyawar ce ta kai mu shekara tara, ranka ya daɗe."

Ya dube ta, ya ga ba ta da niyyar ba da haƙuri, ya ce ta je. A ranar ta goge sharaɗi na bakwai. Bai ɗauke ta minti ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai ba ta haushi.

Bayan mako uku amsa ta zo. Kwamiti ya amince da gwajin shekara ɗaya, amma gurbi biyu maimakon huɗu, sai sun ga yaransu sun shigo tukuna.

Darakta ya ce a liƙa sunaye a allon sanarwa a huta. Ta ce a'a, ta aika aka kira mata su huɗun. Suka zauna a kan bencin da ke fuskantar teburinta, maza biyu mata biyu, kowa da jakar takardunsa a cinya, don sun san ofishin da suka zo. Ta gaya musu gurbi ya koma biyu, kuma da maki za a bi. Ta faɗi sunayen. Waɗanda suka samu suka sunkuyar da kai, sun rasa inda za su sa murnarsu. Saurayin da ya zo na huɗu ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya tashi ya fita, sauran biyun suka bi shi.

Wadda ta zo ta uku ba ta motsa ba. 'Yar aji uku ce a sashen injiniya, siririya mai ƙaramar murya, wadda tun zangon farko take zarya a ofishin. Ta buɗe jakarta ta fara fito da takardu tana jerawa a bakin tebur.

"Anti, wacce ce ban kawo ba? In akwai wadda ta rage, zan kawo yau."

"Babu. Fayil ɗinki ya cika tun tuni."

"To me ya faru?"

Uwar Fayil ta gaya mata, tun daga sakamakon jabu har ofishin da babu hatimi, ba ta rage komai ba. Yarinyar ta saurara har ƙarshe.

"Wato ba laifina ba ne."

"Ba naki ba ne, 'yata. Nawa ne."

"Baɗi in sun mayar da huɗun, zan iya sake nema?"

"'Yan aji uku kaɗai ake turawa."

"Baɗi ina aji huɗu."

"Na sani."

Yarinyar ta tattara takardunta ɗaya bayan ɗaya, ta daidaita gefensu a kan tebur yadda Uwar Fayil ta koya musu, ta mayar cikin jaka. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Sai an jima, Anti," ta ja ƙofar a hankali.