Lambobin Naɗin da Aka Fasa

Ƙarfe bakwai na safe, yayyafin Disamba na sauka a Birmingham, na tarar da Kawu Enoch tsaye cikin maƙera, ko hula bai cire ba. Daren jiya sarki ya faɗa a rediyo cewa ya ajiye sarauta saboda mace, tun ba a ɗora masa kambi ba. Mu kuwa ga akwatuna jibge da lambobin tagulla na bikin naɗinsa.

Kawu ne ya sassaƙa fuskar sarkin a ƙarfen da muke buga lambobin da shi. A sana'armu, mai sassaƙa yakan sa haruffan sunansa 'yan ƙanana a ƙarƙashin wuyan sarki. Shi dai tun yana saurayi yake yi, wasu su sa nasu. Wannan karon ne kawai aka bar shi ya sa nasa, ga ido ya fara tafiya.

Mista Pargeter, mai maƙerar, ya sauko yana goge baki, ya dube ni.

"Wilf, hura wuta. A narke su duka."

"Ranka ya daɗe," in ji Kawu, "ai ƙanensa ne zai hau. Ba ni aikin sassaƙa fuskarsa, kafin bazara na gama."

"Da wane idon, Enoch? Shekaranjiya sandar fitilar titi ka cire wa hula, ka zaci mutum ne. Na ba Sidney aikin. Yaronka ne ai, kai ka koya masa, sai ka yi murna."

Na hura wuta. Na ɗebo lambobin a shebur, na tsaya ban zuba ba.

"Zuba mana, ɗan nan," in ji Kawu. "Mai fuskar ma ya gudu ya bar ta."

Na zuba. Hanci ne ke fara narkewa, sai kunne.

"Kawu, in ɓoye maka ɗaya?" na faɗa a hankali.

"In nuna wa wa? Ni kaina ba na ganin haruffan. Shi dai sarkin ya samu matarsa."

Da tsakar rana ya naɗe kayan sassaƙarsa cikin tsumma ya fita. Na bi shi har bakin titi. Bas ɗin unguwarsu ya taho, yana tsaye yana ƙyafta ido bai gane shi ba. Na ɗaga hannu na tsayar. Ya hau, bai waiwayo ba.