Sunan da Magagi Yake Faɗa Mini

A ƙasarmu ta Kurfai uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, uwa ma haka. Kunya ce muka tarar. An haifi ɗiyata ta fari shekara guda bayan soja sun karɓi mulki, kuma tun ranar da liman ya raɗa mata suna ban taɓa furta shi ba. "Waccan" nake ce mata. Uwarta Habsa kuwa "ke" take cewa.

Abin bai dame ni ba, don ina da Magagi, tela a kasuwar Filinge, abokina tun muna kiwon awaki. Shi magana, ni saurare. Ranar da muka kai yarinyar lakwal, wato makarantar boko, malamin da muke ce wa mushe ya ɗaga alƙalami ya tambaye ni sunanta, sai na shiga duban rufin aji. Magagi ya faɗi sunan, ya ƙara da shekarunta, da ƙyandar da ta yi bara, da cewa ta fi ubanta kai.

Har addu'ata bai ƙyale ba. Wata rana bayan la'asar ya zungure ni.

"Manzo, na ji ka. Wai Allah shi tsare waccan. Wace waccan? Filinge cike take da waccan."

"Allah ya san wadda nake nufi."

"Ya sani mana. Amma kai mi za ka rasa in ka yi bayani?"

Na ce ya yi istigfari. Ya yi, sannan ya ɗaga hannu ya sake addu'ar tawa da suna.

Ina da shekara arba'in da biyar muka shiga ajin yaƙi da jahilci. Magagi kwana tara ya yi aka sallame shi, saboda duk tambayar da aka yi wa wani shi ke amsawa, kuma ba daidai ba. Ni na yi shekara uku. Da aka zo ɗaurin auren yarinyar da wani malamin lakwal, Magagi ne ya yi magana a madadina, shi ya yi kuka a madadina, ni ina bayan rumbu ina gyaran igiyar da ba ta tsinke ba.

Da daminar shekarar dubu biyu zazzaɓi ya kama Magagi. Ranar ta uku ya riƙe hannuna ya ce, "Ni ba tafiyar ta dame ni ba. Wa za shi riƙa hwaɗa maka sunan ɗiyarka?" Washegari muka kai shi. Na san mai shi ne ya karɓi abinsa, ban yi gardama ba. Amma na yi wata biyu ina zagaye kasuwa ta baya don kada in ga keken ɗinkinsa a rufe.

Bayan an gama yankan hatsi wani direba ya kawo saƙo daga Yamai: haihuwa ta zo wa yarinyar da wuya, an yi mata aiki, mijinta yana Abala labari bai kai masa ba. Ni da Habsa muka bi motar safe. Mun isa asibitin mata saura kaɗan a rufe ƙofar masu dubiya. Mai gadi, wani dogon Bazabarme da babban littafi a cinya, ya ce, "Wa kuke nema?"

"Ɗiyarmu."

"Baba, duk waɗanda ke ciki ɗiyan mutane ne. Suna."

Habsa ta ja gyale ta rufe fuska. Ni na juya hagu, inda Magagi ya saba tsayawa. Bango na gani.

Sai na tuna na yi karatu. Na ari alƙalami, na rubuta sunan a bayan tikitin mota, baƙi bayan baƙi, na miƙa. Mai gadi ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa.

"Rubutu ya yi kyau. Amma ni littafin nan riƙo aka ba ni. Mai karantawa ya tafi cin abinci, sai ƙarfe uku."

Ban san ko tana da rai ba. Na faɗi sunan a hankali, wata mota ta wuce da shi. Mai gadi ya kara hannu a kunne. Na cika ƙirji kamar mai kiran salla.

"Balkisu Manzo!"

Duk masu zaune a bakin ƙofa suka waiwayo. Habsa ta ce daga cikin gyale, "Ashe ka san shi."

Mai gadi ya ce ya san mai sunan, ya buɗe mana ƙofa. Mun same ta a gado na biyu kusa da taga, ta rame, jariri a gefenta. Ta dube ni, ta dubi bayana.

"Na ji an kira ni. Na ce Baba Magagi dai ya rasu, to wa ke nan?"

"Mai gadi ne," na ce.

"Mai gadin da muryar Filinge?"

Na ce wa Habsa ta gaya wa waccan ta daina surutu, ɗinki ne a jikinta.

Sunan Magagi na yanka Ibrahim, shi aka sa wa yaron, amma ba mai kiransa haka. A gida har yanzu "waccan" nake cewa. In na ɗaga hannu bayan salla kuwa, da suna nake yi, ƙasa-ƙasa.