Laƙabin Jikar Ɗaso

Ɗaso ta karɓi jaririyar ke nan, ɗanta Marwan ya jawo ta zuwa kicin ya rufe ƙofa. Tun daga unguwar Ka'akiyya ta biyo bas zuwa Aziziyya, a nan cikin Makka, saboda wannan suna. Iyaye sun sa Nora, amma laƙabi na kaka ne, ita kuwa ta riga ta zaɓa, Sawaba za ta kira ta.

"Yumma, don Allah ki bar sunan nan," in ji Marwan. "Na tambaya, an ce masu adawa da sarakuna ake kira haka. A ƙasar sarki muke, ni kuma ma'aikacin hukuma ne."

"Wanda ya gaya maka ya ɗebo rabi ya bar rabi. Kalmar daga Larabcinku ta fito, sawab, abin da yake daidai. Bahaushe ya ɗauka ya ce sauƙi bayan wahala. Talakawa suka mai da ita kirarin jam'iyyarsu. Ubanka yana saurayi ya faɗe ta a kasuwa, dogarai suka yi masa bulala. Da tabon ya zo Makka, da sunan Ɗan Sawaba ya mutu."

"Allah yarhamu. Amma in wani a ofis ya tambayi ma'anar fa?"

Ta dube shi. Ƙaton mutum da gemu, ga tsoro ƙarara a idonsa, har ya ba ta tausayi. Kabarin mijinta Dawuda ba shi da alama, kamar na kowa a garin nan. Abokansa na unguwar Tandabawi duk sun riga mu gidan gaskiya. In ta bar kalmar, ba sauran mai furta ta.

A falo mata suka yi ca. "Hajiya, wane laƙabi kika ba ta?"

"Nora ma ya isa," in ji Ɗaso. Ta miƙa jaririyar ga uwarta.

Kafin la'asar ta koma ɗakinta. Shekara arba'in, in Dawuda ya dawo daga kasuwa, bayan sallama sai ya ɗaga hannu ya ce Sawaba, ita kuma ta amsa da tsiya, "Sai ka kawo cefane tukuna."

Ta tura ƙofa, ta yi sallama, ta ɗaga hannu ta ce Sawaba da ƙarfi. Ta daɗe a tsaye kafin ta cire takalmi.