Roba a Damtsen Auta

Wata biyu da yi wa Auta aiki aka ciro mata 'yarta, ta koma asibiti. Ɗakin da ake ganin masu irin lalurarta yana can ƙarshen baranda, ƙofarsa ba rubutu. Tun tana da cikin wata huɗu aka gwada jininta, aka ce tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Aka kira mijinta, mai walda ne a bakin titi, shi ma aka same shi da ita. Ita ba ta taɓa tsallake ƙwayar maganinta ba. Shi kuwa wata biyu ya sha, ya ce tana sa shi jiri a kan aiki, ya daina.

Sista mai kula da ɗakin ta buɗe kati ta ce, "Gwajin 'yarki Kyauta na farko ya fito, ba ta da shi. Saura na bayan yaye."

Auta ta kifa fuska a kan jaririyar. Sista ta bar ta ta yi kukanta, sannan ta sa ta kwanta, ta duba wurin aikin.

"Ke tela ce, kin san ba a jan sabon ɗinki. Wannan yana son hutun shekara biyu, ga jininki ya yi ƙasa. Kun yi maganar tazarar haihuwa da maigidan?"

Sun yi. Ranar da ta ɗauko zancen ya ajiye cokali ya ce ita ba ta san abin da yake ji a jikinsa ba. 'Ya'ya uku yake so ya gani da idonsa, da namiji a ciki, kuma ba shi da shekarun da zai tsaya jiran wani ɗinki.

"Bai yarda ba," in ji Auta.

"Ke fa?"

Auta ta ce, "In na mutu wajen haihuwa, wa zai riƙa ba Kyauta maganin kariyarta? Ba wanda ya sani sai ni da shi."

A ranar aka sa mata robar tazara a ƙarƙashin fatar damtsenta na hagu, 'yar siririya kamar tsinken ashana. Ta koma gida ta ɗinka wa kanta riguna biyu masu dogon hannu.

Wata uku asirinta a rufe. Wata safiya ya makara, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, ya kama damtsenta zai gusar da ita ya wuce. Sai ya tsaya. Ya sake danna wurin da babban yatsansa.

"Mene ne wannan?"

"Baban Kyauta, zauna in gaya maka."

"Ashe kin riga kin binne ni."

"Ni ban binne ka ba. Koma kan maganinka, in ɗinkin ya yi ƙwari wallahi da ƙafata zan je a cire."

"Sharaɗi kike kafa mini a gidana?"

Bai je wurin aiki ba. Ya sa ta a gaba har asibiti, ya tsaya a kan Sista da tabaran waldarsa rataye a wuya, ya ce a cire yanzu. Sista ta ce ya ɗan jira a waje, ta rufe ƙofa.

"Hannunki ne. In kin ce a cire, minti biyar ne. In kin ce a bari, ba mai taɓa ki a nan."

Auta tana jin tarinsa ta bayan ƙofa, busasshen tari da yake cewa hayaƙin walda ne. Ta ce, "A bari."

Sista ta fita ta gaya masa, ta ƙara da cewa tunda ya zo ya bari a duba ƙirjinsa, katinsa yana nan. Ya ce shi ba mara lafiya ba ne. Ya juya ya tafi, bai jira matarsa ba.

Bai sake ta ba, bai dake ta ba. Magana ya daina yi mata. Zai dawo ya ɗauki Kyauta ya yi ta mata wasa, ya ce, "Gaya wa mamanki a miƙo ruwa." Auta ta karɓo masa sabon magani, kullum ta ajiye ƙwaya ɗaya a gefen farantinsa, kullum ta same ta a inda ta ajiye. Ta rage masa ƙugun wando sau biyu.

Kyauta na da wata goma sha ɗaya ya faɗi a wurin aiki. Da aka kwantar da shi ya yarda ya sha maganin, likita ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma huhun ya ci sosai. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta zo jinya. Da ta fita neman ruwan zafi ya yafito Auta.

"Kada Inna ta ji sunan ciwon nan. Ki ce hayaƙi ne."

Maganar da ya yi mata kai tsaye ke nan a wata shida. Bayan kwana tara ya rasu.

Inna ta zauna da ita bayan masu gaisuwa sun watse. Mace ce mai kirki, ita ke goya Kyauta, ita ke tilasta wa Auta cin abinci. Wata rana da hantsi Auta na kan keke tana ɗinki, Inna ta jawo kujera.

"'Yata, ya tafi ya bar ƙwaya ɗaya tal, ita ma mace. Ba na so ku fita daga gidan nan. Na yi magana da ƙaninsa. In lokaci ya yi, ya riƙe ki, ya riƙe 'yar wansa, Allah ya ba ku wasu."

Auta ta ɗauke ƙafa daga keke. Ƙanin yaro ne mai hankali, bai taɓa aure ba. Tana iya cewa a'a kawai, amma ta san Inna: za ta tambayi dalili yau, ta tambaya gobe, ta turo dangi ɗaya bayan ɗaya. Ta tashi ta ɗauko kwalbar maganinta daga ƙasan akwatin zare, ta ɗora a cinyar tsohuwar.

"Inna, ba hayaƙi ba ne."

Ta faɗa mata komai: gwajin, maganin da ya ƙi sha, robar da ke hannunta. Inna ta saurara har ƙarshe, tana juya kwalbar.

"Yarinyar fa?"

"Ba ta da shi. Saura gwaji ɗaya."

"Wa ya kawo wa wani, ke ko shi?"

"Ban sani ba, Inna. Shi ma bai sani ba."

Inna ta ajiye kwalbar a ƙasa, ta goge tafin hannunta a zani.

"Da kin ba shi abin da ya roƙa, da ya sami abin da zai sha magani dominsa."

Ba ta sake tayar da zancen ƙanin ba. Ta ware kofinta da farantinta, ta kwance Kyauta daga bayanta ta zaunar a tabarma. Da sati ya zagayo ta ce gidanta yana nemanta, ta tattara kayanta. Auta ta ɗaukar mata jaka har bakin titi, suka tsaya jiran mota. Kyauta ta miƙa wa kakarta hannu tana ƙoƙarin zamowa daga goyo. Inna ta taɓa mata kai da yatsu biyu, mota ta tsaya, ta shiga.