Binciken Sana'ar Badaru

Da dangin Badaru suka aiko neman auren Khaulat, mahaifinta Alhaji Abdulrashid bai amsa ba, bai kuma hana ba. Sai ya kira ƙanensa Malam Nababa zaure ya ce, "Asalin yaron ba sai an bincika ba, kakansa ya karantar da rabin garin nan. Sana'arsa ce ban gane kanta ba. Ka je ka gano mini ko za ta riƙe iyali."

Sana'ar kuwa ƙwallon zari-ruga ce. Badaru yana bugawa Ɓaunar Dala, wata ƙungiya a Kano da wani kamfanin jimar fata ke biyan 'yan wasanta albashi. Bana ita ce ta ƙarshe a gasa, kuma ana ta raɗe-raɗin in ta faɗa rukunin ƙasa kamfanin zai zare hannunsa.

Malam Nababa ya yi bincike kan malamin asibiti, ya yi kan dillalin shanu, amma bai taɓa yi kan mai gudu da ƙwallo a hammata ba. Ga shi Khaulat ba 'yar wansa kawai ba ce a wurinsa, shi ya koya mata karatu kafin ya yi ritaya daga firamare. Da ta kawo masa fura ran nan, sai ta tsaya tana murza bakin mayafi.

"Baffa, ka dai kalla da kyau."

"To dama da ka zan kalla?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta fita.

A teburin mai shayi kuwa an riga an yanke hukunci. Sabiru mai gidan kallon ƙwallo ya tura masa waya a fuska. "Duba nan, Malam. Kullum baya suke miƙa ƙwallo! Raga tana gaba, kai kana baya, ta ina za ka ci? Tsoro ne kawai." Kowa ya gyaɗa kai. A garin nan duk wanda ya taɓa biyan kuɗin kallon ƙwallon ƙafa gani yake babu wasan da ya fi ƙarfin saninsa, kuma ba wanda ya lura cewa masu cin Ɓaunar ma baya suke miƙawa.

Ran Asabar Malam Nababa ya hau bas daga garinsu Ɗambatta zuwa Kano. Gero ya nuna, gonaki sun haɗe da juna har bakin titi, amma bai ga komai ba, yana ta juya abin da zai ce in ya tarar maganar mutane gaskiya ce.

Filin na wata makaranta ne, 'yan kallo ba su cika benci ba. Ya zauna kusa da wani ƙato mai ɗingishi, wanda ya ce sunansa Abdulbasit, shi ma ya buga wa Ɓauna kafin gwiwa ta ci amanarsa.

"Baba, ɗanka ne a ciki?"

"Suruki ne, in Allah ya yi."

"Wanne?"

"Badaru."

Abdulbasit ya dube shi, ya ce, "Ikon Allah," bai ƙara ba.

Aka fara. Tambayar farko da Malam Nababa ya yi ta miƙa ƙwallo baya ce. Abdulbasit ya yi dariya har da buga cinya. "Doka ce, Baba. Da hannu ba a jefa ta gaba. Kai za ka kai ta gaba da ƙafarka da ƙirjinka, ka dangwala ta bayan layin can." Malam Nababa ya ji kunya a madadin garinsu duka.

Da farko har ya soma samun natsuwa. Duk sanda alƙalin wasa ya sa manyan kowane ɓangare suka sunkuya suka haɗa kafaɗu ana turereniya, 'yan Ɓauna ke tura baƙin, waɗanda suka zo daga Legas, kamar ana tura motar da ta mutu. Daga bayan tarin sai Badaru ya sunkuci ƙwallon ya kutsa. Mutum biyu suka rataya a jikinsa, ya ja su ya kai layi. Malam Nababa bai san sanda ya miƙe tsaye ba.

"Zauna, Baba," in ji Abdulbasit. "Ka gama ganin duk abin da suka iya."

Haka kuwa aka yi. Suka sake samun ƙwallo, aka ba Badaru. Suka kuma samu, Badaru. Baƙin suka gane, suka tara masa mutum uku suna jiransa, kowane karo sai an ji ƙarar haɗuwar daga benci. Can gefen fili ga wasu samari biyu marasa jiki, da gani ka san barewa ba za ta nuna musu gudu ba, gabansu fili fetal, suna ta ɗaga hannu kamar masu tsayar da mota. Ba wanda ya waiwaye su.

"Me ya sa ba a ba waɗancan?"

"Koci bai yarda da su ba. Farkon shekara sun zubar da ƙwallo aka ci mu, shi ke nan ya ce a daina kaiwa gefe. Mutane na cewa yaran ba su da zuciya. Ƙarya ne, zuciya har ta yi yawa. Dabara ce guda ɗaya tal, kuma duk ƙasar nan an haddace ta."

Bayan hutun rabin lokaci manyan suka gaji. Turereniyar da suke taƙama da ita ta koma kansu. Mai bugun ƙafarsu ya samu dama a gaban sandunan cin maki ya aika ƙwallon cikin masallacin makaranta. Baƙin kuwa sai yawo suke da ita daga wannan gefe zuwa wancan, suna ci. Badaru kaɗai ke bin su, ya kayar da wannan, ya tashi ya bi wancan, har Malam Nababa ya daina duba allon maki ya koma duba ko yaron zai tashi.

Da aka tashi ya ce a hankali, "Ke nan ƙungiyar nan ba za ta kai baɗi ba."

"Sai wani ikon Allah."

"Yaron zai rasa abin yi."

"Wa? Badaru?" Abdulbasit ya nuna da haɓa. Wani mutum cikin rigar baƙin ya dafa kafaɗar Badaru yana yi masa magana a kunne. "Kocinsu ne. Ba yau ya fara bibiyarsa ba. Ranar da Ɓauna ta rushe, washegari surukinka yana Legas, da albashin da ya fi wannan."

Malam Nababa ya so ya ji daɗi. Sai ya tuna wansa. Khaulat ita kaɗai ce mace a 'ya'yan Alhaji. Da ta samu gurbin karatu a Zariya cewa ya yi ya yi nisa, sai a Kano ta yi, tana kwana gida.

Badaru ya hango shi, ya ƙaraso ya durƙusa, leɓe a kumbure.

"Za ka tafi Legas?" in ji Malam Nababa.

"Ban amsa musu ba, Baffa. Amma in nan ta watse, ban iya wani abin ba kamar wannan."

"Khaulat ta sani?"

"Ita ta ce kada in ɓoye maka in ka tambaya."

A bas ɗin komawa ya ga hanya mai sauƙi. Zai iya cewa sana'a tana da kyau, yaro gwani ne, ya yi shiru a nan, kuma bai yi ƙarya ba. In an ɗaura aure Legas ta fito da kanta. Har suka wuce Dawanau yana auna wannan, yana jin ɗacinsa a baki.

Washegari da hantsi ya sami Alhaji a gona, ana ɗaure dammunan gero. Suka koma gindin ɗorawa.

"Ƙungiyar ta mutu, Yaya, jana'iza ta rage. Ƙarfi gare su, ba dabara, komai a kan yaron nan suka ɗora."

Abin mamaki, sai fuskar Alhaji ta saki. "To alhamdu lillahi. Dama ina da rumfa a Dawanau ba mai zama. In ta rushe ya zo ya kama awon hatsi, su zauna nan kusa."

Nan Malam Nababa ya gane. Ashe rushewar ake jira. Kalma ɗaya ta amin ta isa a sa rana.

"Ba zai zauna rumfa ba," ya ce. "Ya fi ƙarfin ƙungiyar. Mutanen Legas na nemansa, kuma zai je. Da ita zai je."

Alhaji ya daɗe yana kallon masu ɗauri. Ya tsinki kan gero ya murje a tafin hannu, ya hure, bai ci ba.

"Ta san da haka?"

"Ta sani."

"Kai da ka gani da idonka, me ka ce?"

"Na ga an kayar da shi har na gaji da gani, ban ga ya daka wa kowa tsawa ba, ko waɗanda suka bar masa aikin. Ni dai a ba shi."

"Ko da Legas."

"Ko da Legas, Yaya."

Alhaji ya zubar da tsabar, ya kakkaɓe hannu. "Ka aika musu su turo magabata ran Juma'a." Ya miƙe, sannan ya ƙara ba tare da ya juyo ba, "Uwarta kuma kai za ka gaya wa. Ni ba zan iya ba."

Malam Nababa ya bi burtali ya nufi gari. Daga nesa yana jiyo dakan Hajiya Asiya, uwar Khaulat, a tsakar gida, ya rage sauri, yana neman ta inda zai fara.